Sarrafa esi daga wayarka: abin da ke aiki, da abin da ke ƙona kwamfuresa

Daga watan Maris zuwa Mayu zafin Kano yakan kai digiri 40, wani lokacin ya haura, kuma ɗakin da ke da rufin kwano ba sili ya fi waje zafi. Shi ya sa na'urar sanyaya ɗaki, wadda muka fi kira esi, ta daina zama kayan birni kawai. Za ka same ta a kemis a Kwanar Dangora, a ƙaramin asibiti a Tudun Wada, a shagon kwamfuta a Kiru, a masaukin baƙi a Tiga. Sai dai mai esi a wannan yankin yana da damuwar da mai esi a Dubai ba shi da ita: wutarsa daga wuri uku take zuwa, KEDCO da janareto da sola, kuma kowacce da tsadarta da halinta.

To shin za ka iya kunna esinka ko ka kashe ta daga waya alhali kana gona ko kana kasuwa? Za ka iya, ko da tsohuwa ce ta gwanjo. Amma hanyoyin da ake bi ba ɗaya ba ne, kuma wadda ta fi araha a cikinsu ita ce mai iya jawo maka asara. Bari mu faro daga tushe.

Yadda rimot ke magana da esi

Ɗauki rimot ɗinka, ka buɗe kyamarar wayarka, ka saita kan rimot ɗin ga kyamarar, sannan ka danna kowane maɓalli. A yawancin wayoyi za ka ga wani ɗan haske mai ruwan shuni yana ƙyaftawa, alhali da idonka ba ka ganin komai. Wannan shi ne hasken infirared, wanda ke gaba da launin ja kaɗan, inda idon ɗan Adam ya gaza. William Herschel ne ya gano shi a shekarar 1800 a Ingila, lokacin da ya raba hasken rana launi-launi ya ga ma'aunin zafinsa ya fi tashi a gefen ja, inda babu launin da ake gani.

Ɗan ƙwan da ke kan rimot yana ƙyafta wannan hasken kusan sau 38,000 a daƙiƙa guda. Idon da ke jikin esi an yi shi ne ya kula da wannan saurin kawai, shi ya sa hasken rana ko na ƙwan ɗaki ba ya ruɗa shi. A cikin ƙyaftawar ake jera saƙo, dogo da gajere, kamar yadda makaɗi ke jera kiɗa.

Ga inda esi ta bambanta da talabijin. Rimot ɗin talabijin saƙo ɗaya yake aikawa: ƙara murya, ko canza tasha. Rimot ɗin esi kuwa, a mafi yawan samfura, duk lokacin da ka danna maɓalli yana aika cikakken bayani ne: a kunne take, digiri kaza, fanka a mataki kaza, yanayin sanyaya. Saƙon talabijin da yawa bit 32 ne kacal, amma na wasu esi ɗin Daikin ya kai bit 280. Wannan ne dalilin da ya sa idan ka danna rimot a wani ɗaki ka dawo ka sake dannawa, sai esi ta yi tsalle daga 24 zuwa 18 a lokaci guda.

Abu na biyu, kuma ka riƙe shi da kyau: rimot yana faɗa ne kawai, ba ya ji. Esi ba ta mayar masa da amsa. Za mu dawo kan wannan.

Hanya ta farko: rimot mai waifai

Wata 'yar na'ura ce da ba ta kai kofin shayi girma ba, ana ba ta wuta da cajar waya. Tana haɗuwa da waifai, ta karɓi umarni daga manhajar wayarka, ta mayar da shi hasken infirared kamar dai rimot ɗinka ne ya yi magana. Broadlink RM4 mini na cikin waɗanda aka fi sani, akwai kuma masu aiki da manhajar Tuya ko Smart Life, sai Sensibo wadda ta fi tsada. Ba ka kwance komai a jikin esi, ba ka taɓa waya ko ɗaya.

Ka ajiye ta inda take hango idon esi, don hasken ba ya ratsa bango ko labule mai kauri. Ɗaki biyu, na'ura biyu kenan. A manhajar za ka zaɓi sunan kamfanin esinka ka gwada saƙonni har ka ji ta yi ƙara ta amsa. Idan samfurinka ba ya cikin jerin, yawancinsu suna iya koyon saƙon daga tsohon rimot ɗinka.

Rauninta shi ne wancan rashin jin. A ce kana kasuwar Tudun Wada ka danna "kashe". Manhaja za ta nuna maka an kashe. Amma idan yaro ya ɗora kwali a gaban na'urar, ko ƙurar hunturu ta rufe idon esi, saƙon bai isa ba, esi na nan tana shan wuta. Maganin wannan shi ne ka sayi wadda ke da ma'aunin zafin ɗaki. Sensibo tana zuwa da shi a ciki, Broadlink kuma ana sayen nasa daban. Idan ka kashe, bayan minti ashirin ka ga zafin ɗakin bai fara hawa ba, ka san akwai magana.

Hanya ta biyu: ɗan maƙalin kamfani

Sababbin esi da yawa suna da gurbi a ƙarƙashin murfin gaba, kusa da allon lantarki, inda ake soka wani ɗan abu mai kama da filas. Na Midea misali bakinsa irin na USB ne, kodayake ba filas ɗin kwamfuta ba ne, kuma na wani kamfani ba ya aiki a jikin na wani. Wannan hanyar ta fi kowacce inganci, saboda magana biyu ce: ka aika umarni, esi ta gaya maka halin da take ciki, har da zafin ɗakin da lambar matsala idan ta samu. Kafin ka saya, duba lambar samfurin da ke gefen esinka, ka tambayi mai gyaranka ko tana da gurbin.

Hanya ta uku: soket mai waifai, inda haɗarin yake

Wannan ce mutane suka fi sha'awa don ta fi araha: soket da ke yanke wuta ko ya kawo ta da umarnin waya. Ga fanka ko ƙwan fitila babu laifi. Ga esi kuwa, sai ka yi hattara saboda dalilai uku.

Na farko, nauyin wuta. Esi mai doki ɗaya da rabi, wadda ba inbata ba, tana cin kusan wat 1,200, wato amfiya biyar zuwa shida a kan bolt 230. Amma a lokacin da kwamfuresa ke tashi takan ja ninkin hakan sau da yawa na ɗan lokaci. Ƙananan soket masu amfiya 10 ba a yi su don irin wannan ba. A hankali ƙarafan da ke haɗa wutar a ciki su yi zafi su manne, ko robar ta narke. Idan kuma wuta ta zo da rauni, abin da ƙauyukan da ke ƙarshen layi suka saba gani, injin yakan ƙara jan amfiya, zafin ya ƙaru.

Na biyu, minti uku. Kwamfuresa famfo ce da ke matse gas, ɓangare ɗaya matsi ya yi yawa, ɗayan ya yi ƙasa. Idan ta tsaya, sai an ɗauki kusan minti uku kafin matsin ya daidaita. Ka tashe ta kafin nan, kamar ka ce wa jaki ya miƙe da kaya a kan tudu ne: injin ya kasa juyawa, ya yi ta jan wuta, wayoyinsa su yi zafi. Esi masu allon lantarki suna da wannan jinkirin a tsarinsu. Tsofaffin na taga masu maɓallin murɗawa da yawa ba su da shi, kuma su ne suka fi saurin amsa wa soket ɗin.

Na uku, ba lallai ma ta kunnu ba. Esi mai rabe biyu idan wuta ta dawo, sai dai idan tana da tsarin tashi da kanta, za ta zauna tana jiran rimot. Ka ga soket ɗin ya iya kashewa amma bai iya kunnawa ba.

Idan dole sai ka yanke wutar daga nesa, ka sa ƙwararren mai wayarin ya haɗa maka kontakta, wato babban makunnin da aka yi don injina, sai ɗan soket ɗin ya zama shi ke ba kontaktar umarni kawai. Kuma kada wannan ya sa ka cire sitabilaiza ko na'urar kariyar da ke jinkirta wuta bayan an kawo ta.

In babu wuta fa, ko babu sabis?

A nan ne tallan da ka gani a intanet ke rabuwa da rayuwar Bebeji ko Doguwa. Na'urorin nan suna buƙatar waifai da ba ya mutuwa, kuma kusan dukkansu zangon 2.4 GHz kawai suke kamawa. Ƙaramar mifi ta isa, don data kaɗan suke ci. Amma ka ɗora mifi ɗin da na'urar a kan layin batir, in ba haka ba duk ɗauke wuta sai sun mutu tare.

Sannan umarninka ba kai tsaye yake zuwa ɗakinka ba. Yana tashi daga wayarka, ya je kwamfutocin kamfanin a wata ƙasa, sannan ya dawo. Duk wanda ya bi hanyar Jos ta dajin Falgore ya san sabis na iya ɗaukewa. Ko a birni ma, ranar 14 ga Maris, 2024 wayoyin intanet na ƙarƙashin teku sun tsinke a gaɓar Afirka ta Yamma, intanet ta yi rauni a Najeriya na kwanaki. A Amurka kuma, a watan Afrilun 2022 kamfanin Insteon ya rufe kwamfutocinsa ba sanarwa, masu kayansa suka wayi gari manhaja ba ta aiki. Don haka kada ka jefar da tsohon rimot ɗinka.

Ɗalibin da ke son ya haɗa da hannunsa zai iya kauce wa duk wannan. Ɗan allon ESP32 na kamfanin Espressif, da ƙwan infirared ɗaya, da manhajar kyauta irin ESPHome ko IRremoteESP8266, sun isa a yi rimot mai aiki a cikin waifai na gida ba tare da ya fita waje ba. Aikin kammala difloma ne mai kyau.

Kalma ɗaya kan tsaro: canza kalmar sirrin da mifi ta zo da ita. A 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta kame dubban ɗaruruwan kyamarori da rautoci a duniya, ba da wata dabara ba illa gwada kalmomin sirrin da masu su ba su taɓa canzawa ba.

Bari mu yi lissafi

A watan Afrilun 2024 hukumar NERC ta ɗaga kuɗin wutar rukunin Band A zuwa naira 225 kowane yunit, daga baya a shekarar ya dawo naira 209.5. Ɗauki esi mai cin wat 1,200 da aka manta a kunne a ofis na awa takwas cikin zafin Afrilu, kwamfuresa ba ta huta ba. Yunit 9.6 kenan, kusan naira 2,000 a dare ɗaya a kan wancan farashin na 2024. Idan layinka ba Band A ba ne yunit ya fi sauƙi, amma awannin wutar ma sun ragu, ka koma janareto, kuma ka san yadda fetur ya zama tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023.

Mai sola nasa ya fi zafi. Batir mai 200Ah da bolt 12 yana ɗauke da yunit 2.4, kuma idan irin na dalma ne rabi kawai ya kamata ka sha in kana so ya daɗe. Batir huɗu za su ba ka yunit 4.8, wato awa huɗu na waccan esin, kafin a cire asarar inbata. A nan ne tsara lokaci ke da amfani: ka sa esi ta yi aiki daga ƙarfe 11 na safe zuwa 4 na yamma lokacin da rana ke dukan faranti, ta sanyaya bango da kayan ɗakin, ta kashe kanta kafin batir ya fara biya. Ga mai kemis wannan ba jin daɗi ba ne kawai. Duba kwalayen magungunanka, da yawa an rubuta a ajiye su ƙasa da digiri 25 ko 30, kuma tsakar rana ce ke lalata su.

Akwai kuma ribar da ba ta buƙatar waifai ko kaɗan. Saita esi a 16 ba ya sa ɗaki ya yi saurin sanyi, hana kwamfuresa hutawa kawai yake yi. Hukumar kula da tattalin makamashi ta Indiya ta ƙiyasta cewa kowane digiri ɗaya da ka ƙara yana rage kusan kashi 6 cikin ɗari na wutar, shi ya sa tun Janairun 2020 sababbin esi a can suke zuwa a saite a kan 24. Haɗa 25 da fankar sama, ka wanke matatar ƙura kowane mako biyu a lokacin hunturu, za ka ga bambanci a mita.

To wa ya kamata ya saya?

Idan esinka a ɗakin kwananka take kuma kai ke kunnawa kai ke kashewa, agogon da ke jikin rimot ɗinka ya ishe ka, ka ajiye kuɗinka. Idan kuwa kana da shago ko asibiti ko masauki da wasu ke kula da shi, ko kana kan sola, na'urar za ta iya mayar da kuɗinta. Fara duba ko esinka na da gurbin ɗan maƙalin kamfani. In babu, ka nemi rimot mai waifai da ma'aunin zafi. Soket kuwa, ka bar wa fanka.