Iskar Da Ba Ta Da Wari

Uwargida, hunturu ya kama a Katsina, na sani kin toshe taga da tsumma. To, saurara. Akwai wata iska, sunanta radon, tana tasowa daga ƙasa da duwatsu, ta shiga ɗaki ta tsagar daɓe, ta taru in ɗakin na rufe. Bayan taba, ita ce gaba wajen jawo ciwon daji na huhu. Ido bai ganinta, hanci bai jinta, sai 'yar na'urar awo da akan aje a ɗakin kwana wata 3. Kafin ki same ta, riƙa buɗe taga da hantsi, ki sa magini ya liƙe tsagar. In maigida na shan taba, karanta masa wannan, don haɗarinsa ya fi naki.