Ciwon ƙugun mai jego: Gaskiya da ƙanzon kurege

Idan mai jego ta kasa ɗaga ƙafa ta hau gado, ko tana tafiya tana rangaji kamar agwagwa, 'yan barka ba sa rasa abin faɗa. Wata ta ce ƙugunta ne ya buɗe, wata ta ce son jiki ne, wata ta yi ƙasa da murya ta ce da sa hannu.

Maganar buɗewar ƙugu tana da tushe, sai dai ana zuzuta ta. Ƙasusuwan ƙugu suna haɗuwa a wuri uku: ɗaya a gaba, can ƙasan mara, biyu a baya, inda ƙugu ya riƙe gindin ƙashin baya. Da ciki ya shiga, jiki kan saki wasu sinadarai, ciki har da rilaksin, su sassauta jijiyoyin da suka ɗaure mahaɗan nan don jariri ya sami hanya. Tazarar mahaɗar gaba takan kai milimita 4 zuwa 5, mai ciki kuma takan ƙara 2 ko 3 a kai. Wannan shiri ne na haihuwa. Sai ta wuce santimita 1 likitoci ke cewa ƙashin ya rabu, kuma hakan ba kasafai yake faruwa ba. An fi ganinsa bayan naƙuda mai wuya, ko jariri mai girma, ko an ware cinyoyin mace da ƙarfi, ko an danna mata ciki wai don ɗa ya fito.

Zancen son jiki kuwa zalunci ne. Kusan mace ɗaya cikin biyar na fama da ciwon ƙugu lokacin goyon ciki, wasu kuma yakan bi su har bayan haihuwa. Girman tazarar ma ba shi ke nuna tsananin ciwon ba. Wata hoton ƙashinta lafiya lau, amma juyi a shimfiɗa sai ta cije leɓe. Mai haihuwar fari da aka koya wa kunya da dauriya ita ta fi yin shiru, ta tashi ta ɗauki bokitin ruwa, ciwon ya ƙaru. Batun sammu ba ya buƙatar dogon bayani, tunda ga sanadi a fili.

To, a kira maɗori? A'a. Ba karaya ba ce, jijiyoyi ne suka saki, ja da murɗa kuma ƙara musu rauni suke yi. Amma tsofaffin da ke cewa a ɗaure ƙugu sun yi gaskiya. A asibiti ma akwai ɗamara ta musamman don haka. Kuskuren da ake yi shi ne a tamke tumbi. A ƙasa ake ɗaurawa, daidai ƙasusuwan ƙugu. Sai a haɗa da ɗan hutu, filo tsakanin gwiwoyi lokacin kwanciya, haɗe ƙafafu wajen sauka daga gado, sa tufafi a zaune, farasitamol, da atisayen da likitan gashin ƙashi zai koyar. Doguwar kwanciya ba motsi tana iya sa jini ya daskare a ƙafa, don haka a riƙa ɗan takawa, ko da sanda ne.

Wankan jego fa? Ɗumi yana sassauta tsoka, mace ta ji daɗin jikinta, amma tafasasshen ruwa ba ya mayar da ƙashi. Kunun kanwa ma haka. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka alaƙanta yawan kanwa da gasa jiki da ciwon zuciyar masu jego.

Masu cewa ta nakasa ke nan, ko ba za ta sake haihuwa ba sai an yi mata aiki, ba su faɗi daidai ba. Yawancin mata suna warwarewa cikin makonni ko 'yan watanni, tiyatar haɗa ƙashin kuma sai tazarar ta yi yawa ƙwarai. Ciwon na iya dawowa a wani cikin, shi ya sa ya kamata ta faɗa tun ranar fara awo.

Maigida, idan ciwon ya hana ta tsayuwa, ko ya zo da zazzaɓi, kumburin ƙafa ɗaya, mutuwar ƙafa ko yoyon fitsari, kada a jira arba'in. A kai ta asibiti a ranar.