Umra ta kwana bakwai: yadda za ka raba kwanakinka tsakanin Madina da Makka da taimakon wayarka

Wanda ya samu hutun kwana goma a wurin aiki ya ce zai je Umra, ba kwana goma zai yi a Saudiyya ba. Filin jirgin Sir Ahmadu Bello da ke Ambursa yana jigilar alhazan Kebbi a lokacin Hajji, amma mai Umra yakan bi ta Kano ko Abuja. Daga Badariya zuwa can yini guda ne, dawowa ma haka. Abin da ya rage bai wuce kwana bakwai ba, kuma birane biyu ne za su raba su, da tazarar kusan kilomita 450 a tsakaninsu. Ranar ƙaura daga wannan birni zuwa wancan ita ce ta fi cinye wa mutane lokaci da kuɗi, alhali ana iya tsara ta a waya tun daga gida.

Tikitin jirgin sama

Kada ka yanki tikitin da zai sauke ka a Jidda ya kuma ɗauke ka a Jidda, sai idan ba yadda za ka yi. Da irin wannan tikiti sai ka bi hanyar Madina sau biyu. A Google Flights da shafukan kamfanonin jiragen sama akwai zaɓin da aka rubuta Multi-city. Da shi za ka sa a sauke ka a Madina, ka taso daga Jidda. Idan kamfanin shirya tafiya ne ke yi maka, ka faɗa musu haka kake so. Fara da Madina yana da wani sauƙi: ba sai ka ɗaura harami a cikin jirgin sama ba, kuma za ka huta kafin ɗawafi da sa'ayi. Kwana uku a Madina da huɗu a Makka rabo ne mai kyau.

Jirgin ƙasa na Haramain

Tun shekarar 2018 wannan jirgi mai aiki da lantarki yake haɗa biranen biyu. Gudunsa yana kai kilomita 300 a awa, tafiyar kuma ba ta wuce awa biyu da rabi, yayin da bas ke cin awa biyar zuwa shida. Ana sayen tikiti a manhajar HHR Train da lambar fasfo, kuma kujeru suna ƙarewa da wuri a watan azumi.

Abu uku za ka kula da su. Na farko, tashoshin ba a bakin masallatan suke ba, sai ka hau mota, don haka ka ƙara awa guda a lissafinka. Na biyu, an ƙayyade kaya: babbar jaka ɗaya da ba ta wuce kilo 25 ba, sai ƙaramar jakar hannu. Tsarabar dabino ta Madina ta tsaya daidai wannan, sauran sayayya ka bari sai Makka. Na uku, jirgin ba ya tsayawa a miƙatin Zul Hulaifa, wato Abyar Ali. Ka ɗaura haraminka kafin ka hau, ka kuma tambayi malaminka yadda za ka yi niyya tun kafin ka bar Birnin Kebbi.

Yawancin otal suna sallamar baƙo da tsakar rana, sabon ɗaki kuma ba a ba da shi sai wajen la'asar. Jirgin da ke tashi bayan azahar shi ya dace da wannan giɓi.

Manhajar Nusuk

Shiga Rauda a Masallacin Annabi (SAW) sai da izini, kuma a Nusuk ake samunsa. Manhajar tana ba ka rana da sa'a da lambar da za a duba a ƙofa. Da zarar bizarka ta fito, ka yi rajista ka nemi gurbi. Mai kwana uku kacal a Madina idan ya jira sai ya sauka, yana iya tashi bai samu ba. Ka tuna agogon Saudiyya yana gaban na Najeriya da awa biyu, kuma da shi aka rubuta lokacin izininka da na jirginka. Ka bar wayarka ta gyara lokaci da kanta.

Layi, caji da kuɗi

Kamfanonin STC, Mobily da Zain suna sayar da layin baƙi a filin jirgi, da fasfo. Idan wayarka tana karɓar eSIM, za ka iya sayen data tun kana gida. Danna *#06#, idan ka ga lamba mai suna EID, tana karɓa. Wayoyin Tecno, Infinix da itel da yawa ba su da shi. Kada ka cire layinka na Najeriya gaba ɗaya, domin ta nan banki zai turo maka lambar tabbatarwa.

Soket ɗinsu mai baki uku ne irin namu, cajarka za ta shiga. Fawa bank kuwa a jakar hannu ake sa shi, ba a cikin kayan awo ba. Mai ƙarfin 20,000mAh yana cikin iyakar da jirage ke yarda da ita.

Riyal 3.75 ne dala ɗaya, kuma wannan farashi a tsaye yake, don haka faɗuwa ko tashin naira ne kawai zai canza lissafinka. Ka tambayi bankinka ko katinka yana aiki a ƙasar waje da iyakar abin da za ka iya kashewa, sannan ka riƙe ɗan riyal a hannu.

Daren da za ka tashi

Ka sauke taswirar Makka da Madina a Google Maps domin ta buɗe ba tare da intanet ba, ka sa alama a otal ɗinka biyu da tashoshin jirgin ƙasa. Ka ɗauki hoton fasfo, biza, katin rigakafi, tikiti da izinin Rauda, ka tura wa wani na gida ta WhatsApp, ka kuma buga su a takarda. Idan kana tafe da Hajiya ko Baba, ka rubuta sunan otal da lambarka a kati ka sa musu a aljihu, domin waya tana iya mutuwa a tsakiyar cunkoso.