Zuciya Ko Lissafi: Wa Ke Juya Jarinka?

A gabashin Sakkwato, daga Tursa da Raba har zuwa Wurno da Goronyo, kusan kowane gida akwai mai zuba jari, ko da bai taɓa jin labarin kasuwar hannun jari ta Legas ba. Mai jibge albasa a rudu yana jiran tsada, da mai turke rago don babbar salla, da matar da ta kwashi adashe ta sari shinkafa, duk sun fitar da abin hannunsu ne suna fatan ya dawo da ƙari. Sai dai sau da yawa ba lissafi ke yanke musu shawara ba, zuciya ce.

Mu ɗauki albasa. Wajajen Maris da Afrilu, lokacin da ake cire ta a fadamun Gulbin Rima, kasuwa kan cika, farashi ya karye. Zuwa ƙarshen shekara sai ta yi wuya, ta yi tsada. Kowa ya san haka. Amma albasa ba ta zama yadda aka ajiye ta: tana motsewa, tana tsiro, laimar damina kuma tana ruɓar da ita. Ga mutum farashi ya ninka, dillali ya taya, sai ya ce bari dai ta ƙara. Kafin ya ankara sabuwar albasa ta shigo kasuwa, garin neman ƙiba ya samo rama.

Daga nan sai wata cutar ta biyo baya, wato ƙin amincewa da faɗuwa. Za ka ji mutum yana cewa, "Wallahi ba zan sayar ƙasa da yadda na saya ba." Yana rantsuwa, kayan suna lalacewa. Masana halayyar ɗan Adam biyu, Daniel Kahneman da Amos Tversky, sun bayyana wannan hali a bincikensu na 1979, daga baya kuma suka kiyasta cewa zafin asara ya kai kamar ninki biyu na daɗin riba mai yawa ɗaya. Shi ya sa mutum kan guje wa ƙaramar asarar yau, ya rungumi babba ta gobe. Kasuwa kuwa ba ruwanta da nawa ka saya.

Sai bin ayari. A 2024 hatsi ya yi tashin gwauron zabo, har waɗanda ba su taɓa sana'ar ba suka sayi masara da gero suka ɓoye. A 2025 farashi ya sauko, da yawa ko uwar kuɗi ba su mayar ba. Irin wannan ɗoki ne ya jefa 'yan Nijeriya cikin tsare-tsaren zuba kuɗi na bogi irin su MMM, wadda ta rufe asusun mutane a Disambar 2016, da CBEX da ta durƙushe a Afrilun 2025. Abin da ya ja su ba nazari ba ne, ganin maƙwabci ya samu ne.

Kada kuma a ɗauka mai tsoro ya tsira. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin 100 a Disambar 2024. Wanda ya ƙulle kuɗinsa a akwati tsawon wannan shekarar, adadinsu bai ragu ba, amma abin da za su saya ya ragu ƙwarai.

Nan ne ya kamata a rarrabe ƙarfin hali da ƙarfin aljihu. Attajirin da ke loda motoci zuwa kudu, in mota ɗaya ta lalace, saura za su rufe. Manomi mai iyali da ya ci bashi ya zuba komai a fadama ɗaya, ko ya fi attajirin jarunta, ambaliya irin wadda ta auka wa yankin Goronyo a Satumbar 2010 ta isa ta raba shi da abincin shekara. Tambayar ba ita ce "zan iya kasada?" ba, ita ce "in wannan ya salwanta, gidana zai ci abinci?"

Saboda haka, 'yan'uwa, a yanke shawara tun zuciya tana kwance. Ranar da ka ajiye kaya, ƙayyade farashin da za ka sayar da watan da ba za ka wuce ba, ka shaida wa wani amintacce da zai tuna maka. Ka riƙa sayarwa kashi-kashi, ba rana ɗaya ba. Kada abincin gida da kuɗin iri da taki su shiga kasada, balle kuɗin bashi. Ka raba ƙafa tsakanin noma da kiwo da 'yar sana'a. Duk wanda ya yi maka alkawarin riba mai tsoka ba tare da faɗuwa ba, kuma yana gaggauta ka, tambaye shi me ake saya, me ake sayarwa. In bai da amsa, riƙe kuɗinka.

Arziki na Allah ne, amma tawakkali bai hana lissafi ba. Allah Ya sa albarka a nemanmu.