Shuɗin Da Ke Tona Asirin Zazzaɓi



Daminar bara ɗana ya kwana jiki zafi rau. Da asuba na ɗauko shi a babur daga Lakwaya zuwa asibiti a Gwarzo. Aka tsire masa yatsa, aka shafa jinin a ɗan gilashi, aka bari ya bushe, sannan aka zuba masa wani ruwa shuɗi kamar an ɗebo daga marina. Na ce, "Malam, rini kuma?" Ma'aikacin ya yi dariya, ya ce ai rinin ne.

To ga dalili. Ƙwayar zazzaɓin cizon sauro tana ɓuya ne a cikin ƙwayoyin jini, kuma da ƙyar ake ganinta ko an sa madubin likita. Amma tana shan rini. Da ta sha, jikinta ya koma shuɗi, ga ɗigon ja a gefe, kamar zobe mai dutse. Daga nan sai a gane ta, har a ƙirga yawanta. Sunan wannan haɗi Giemsa, sunan Bajamushen da ya daidaita shi a 1904.

Kun san abin mamaki? Shuɗin da ke cikinsa, wato metilin bulu, don auduga aka yi shi. Heinrich Caro ne ya haɗa shi a 1876 a kamfanin BASF na Jamus, masu yi wa masaƙu rini. Da shi Robert Koch ya gano ƙwayar tarin fuka a 1882. Kamfanin nan dai shi ya fito da shunin bature a 1897, wanda ya karya kasuwar baba a duniya, baban da har yau ake tsoma yadi a cikinsa a marinar Ƙofar Mata. Hannun da ya rage wa marina ciniki, shi ya ba asibiti ido.

Ɗana dai an ga zoben a jininsa, aka ba shi magani, ya warware. Da ba a gani ba, da an nemi wata cutar. Shi ya sa nake roƙonku, ba kowane zafin jiki ne maleriya ba. Kafin ku je kemis, ku kai yaro a gwada jininsa.

Allah Ya ƙara mana lafiya. Sai shiri na gaba.