Daga garkuwa zuwa arangama: asalin kalmar skirmish

Kalmar da Turawan Ingila ke kiran ƙaramar arangamar sojoji da ita, wato skirmish, ta shiga harshensu ne a ƙarni na 14 daga escarmouche ta Faransanci, su kuma Faransawa sun aro ta daga scaramuccia ta Italiyanci. Masana harshe da dama suna mayar da saiwarta ga wata tsohuwar kalmar Jamusawa mai nufin kariya ko garkuwa (har gobe Schirm Bajamushe ke ce wa laima). Wannan asali ya dace da aikin. Sojojin da ake turawa gaba ƙungiya-ƙungiya, da makamai marasa nauyi, garkuwa ne ga babbar runduna: su tsokani abokan gaba, su gano ƙarfinsu, su janye kafin a gwabza.

Wani zai ce asalin kalma ba ya yanke hukunci kan ma'anarta ta yau, kuma hukumomi kan fake da ita don rage girman abin da ya faru. Da gaskiya a maganar. Sai dai ita kalmar, yawan mayaƙa da tsawon faɗan take aunawa, ba ruwanta da abin da zai biyo baya. A garin Lexington na Amurka, ranar 19 ga Afrilu 1775, 'yan mintuna aka yi ana harbe-harbe, Amurkawa takwas suka mutu. Masana tarihi na kiran abin skirmish, alhali daga nan yaƙin neman 'yancin Amurka ya ɓarke, bai kuma ƙare ba sai 1783.