Sunan Kamfani Da Abin Da Ke Cikin Akwati: Auna Darajar Kwamfutar Ofis A Abuja

ABUJA — A ranar 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen kulawar da ya saba bai wa manhajar Windows 10. Magajiyarta, Windows 11, ba ta karɓar galibin na'urorin da ƙwaƙwalwarsu ta Intel ta girmi zubi na takwas, wanda ya fara fitowa a 2017. Wannan ya sa ofisoshi, makarantu da shagunan buga takardu a Babban Birnin Tarayya suka shiga lissafin sauya kwamfutocin tebur, a lokacin da Naira ba ta da ƙarfin da take da shi a da. Kafin a saki farashinta a watan Yunin 2023, ana canjin Dala a hukumance a kan kimanin N460. A farkon 2024 ta haura N1,500.

Mai saye da ya shiga Banex Plaza a Wuse II yakan fara da tambayar suna: HP ce, Dell ce, ko Lenovo? Tambayar tana da amfani, amma ba ta isa ba, domin waɗannan kamfanoni ba su ne ke ƙera mafi yawan abin da ke cikin akwatin ba. Ƙwaƙwalwar na'ura, wato furosesa, daga Intel ko AMD take. Guntayen RAM galibinsu na Samsung ne, ko SK Hynix, ko Micron. Faifan ajiya mai juyawa kuwa kamfanoni uku kacal suka rage suna yin sa: Seagate, Western Digital da Toshiba. Aikin mai suna shi ne tsarawa, zaɓen kaya, gwaji da ɗaukar alhakin gyara. Kuɗin da ake ƙarawa saboda suna kuɗin waɗannan abubuwa huɗu ne.

A wajen zaɓen kaya ne ake samun bambanci. Takardar talla takan rubuta sunan furosesa da manyan baƙaƙe, saboda shi ne mai saye ya sani. Ba ta cika ambaton akwatin wuta ba, wanda masu gyara ke kira fawa-fak, ko babban allon da ake dasa sauran kaya a kansa, ko fankar da ke sanyaya su. Kamfanin da ke son rage farashi ba tare da an lura ba, a nan yake ragewa. Haka kuma, na'urori biyu za su iya ɗaukar RAM mai girma ɗaya, amma wadda aka raba mata shi gida biyu ta fi mai sanda guda sauri, musamman wajen aikin hoto. Masanin tattalin arziki George Akerlof ya bayyana irin wannan ciniki tun 1970 da misalin motocin hannu: idan mai sayarwa ya san ingancin kaya amma mai saye bai sani ba, kaya mai rauni ne ke cika kasuwa.

Fawa-fak ya cancanci a tsaya a kansa, domin a Abuja shi ne ke fara karɓar duka. Wuta takan ɗauke, ta dawo da ƙarfi, a koma janareta, a sake dawowa layin kamfanin AEDC, duk a yini guda. Ƙananan kwamfutocin ofis na manyan kamfanoni sukan zo da fawa-fak mai ƙarfin wat 180 zuwa 260, wanda ya ishi aikin rubutu da lissafi, amma ba ya barin sarari ga wanda zai ƙara katin hoto daga baya. Babbar matsalar ita ce siffarsa. Tun 1995 Intel ta fitar da tsarin ATX, wanda ya sa fawa-fak ɗin wani kamfani ke shiga akwatin wani. Da yawa daga na'urorin ofis na Dell da HP ba sa bin wannan tsari; suna da nasu soket mai baki shida ko takwas maimakon ashirin da huɗu. Idan ya ƙone, sai an nemo irinsa sak, kuma sau da yawa daga jikin wata matacciyar na'ura ake ciro shi. Kwanakin da ofis zai yi yana jira kuɗi ne, ko da ba a rubuta su a rasit ba.

Akwai kuma kuɗin wutar kanta. A watan Afrilun 2024 hukumar NERC ta ɗaga farashin rukunin Band A zuwa N225 a kan kowane kilowat na awa guda. Alamar 80 PLUS, wadda aka soma a 2004, tana nuna cewa fawa-fak ba ya ɓarnatar da fiye da kashi ashirin cikin ɗari na wutar da ya ja. A na'ura ɗaya bambancin kaɗan ne. A ɗakin jarrabawa mai kwamfuta ɗari biyu da ke kan dizal, akanta zai gan shi.

Babban suna ma yakan yi tuntuɓe. Tsakanin 2003 da 2005 an sayar da miliyoyin kwamfutocin OptiPlex na Dell masu ɗauke da kafasito marasa inganci, waɗanda ke kumbura su kashe babban allo. Kamfanin ya ware kimanin Dala miliyan 300 a 2005 domin gyara. Abin lura shi ne, wanda ke da garanti an sauya masa. Wanda ya sayi irin na'urar shekaru bayan haka a matsayin ta hannu, shi ya ɗauki asararsa.

Wannan ne ya sa darajar suna ke raguwa ƙwarai a kasuwar kwance. Tsofaffin na'urorin ofis, irin su OptiPlex, EliteDesk da ThinkCentre, an gina su domin aikin yini cur, kuma sau da yawa sun fi sababbin na'urorin gida masu araha ƙarko. Sai dai garantinsu ya ƙare, kuma ba wuya a zare RAM ko faifan asali a maye da mai rauni kafin kaya su iso kanti. Ɗan kasuwa mai hattara yakan sa a buɗe akwatin a gabansa, ya duba lambar na'urar a shafin kamfanin domin sanin shekararta da kayan da ta fito da su, ya kuma tabbatar zubin furosesarta zai karɓi Windows 11. Rubutun "Core i7" kaɗai ba hujja ba ne: i7 na 2013 bai kai i3 na shekarun nan ba a yawancin ayyukan ofis.

Ga masu neman kwangilar gwamnati akwai ƙarin sharaɗi. Ƙa'idojin hukumar NITDA na 2013 da Umarnin Shugaban Ƙasa mai lamba 003 na 2017 sun buƙaci ma'aikatu su fifita kayan cikin gida, kamar kwamfutocin Zinox, wadda Leo Stan Ekeh ya ƙaddamar a 2001. Su ma daga waje suke shigo da furosesa da RAM, don haka canjin Dala yana taɓa su kamar kowa. Fifikonsu, idan ya tabbata, yana wajen kusancin mai gyara da samun kayan canji. Saboda haka takardar tanda da ta ambaci furosesa da girman RAM kawai ta bar ƙofa a buɗe. Ya kamata ta fayyace ƙarfin fawa-fak da alamarsa, nau'in faifan ajiya, ko SSD ne ko mai juyawa, shekarun garanti, da kuma ko za a zo ofis a yi gyaran ne ko sai an aika da na'urar Legas.